Ranar da kwamfutarmu ta yi zazzaɓi

Ƙarfe biyu da kwata na rana ne, muna shagona a Gazawa, ni da ƙanena da mahaifiyarmu da ta zo daga Gangara ganin asibiti. Har abada ba zan manta wannan rana ba.

Lokacin sojoji na shirin miƙa mulki ga farar hula, 'yan takara sun cika mu da aikin hotuna da fosta. Kwamfuta ɗaya gare mu, sabuwa, da ita muke ci, kuma garantinta bai ƙare ba. Muna cikin aiki sai fankarta ta yi gurnani, allon ya yi baƙi. Na dafa akwatinta, zafi kamar murfin tukunya.

Ni mutum ne mai son abu bi da bi. Da fari na cire wuta. Na biyu na tambayi wanda ya taɓa ta. Ƙanena ya sunkuyar da kai, ya ce shi ya ƙara wa firosesa gudu fiye da yadda kamfani ya sa mata. Firosesa kuwa ita ce ƙwaƙwalwar na'urar. Ya ce mu mayar da komai yadda yake, mu kai wa mai shagon Maraɗi inda muka saye ta mu ce da kanta ta mutu, a canza mana.

Na tashi da faɗa, har na ce ya bar mini shago. Inna ta jawo kujera, ta ɗauki maficinta tana yi wa na'urar fifita. Ni ne ɗan farinta, ba ta kiran sunana.

"Kai wannan, ka tambaye shi mi ya sa?"

Ban tambaya ba. Ita ta tambaya. Ya ce kullum yana ganina ina dafe da baya ina jiran hoto ɗaya ya fito, abincina na sanyi. So yake aiki ya yi sauri in samu in miƙe.

"To, ka ji," in ji ta. "Kai kuma auta, ƙaryar ka bar ta nan. Zazzaɓi ka sa mata, ka je ka faɗa wa likitanta gaskiya."

Washegari muka hau mota mu biyu, yana rungume da akwatin a cinya. Shi ya yi bayani da bakinsa. Mai shagon ya ce garanti kam ya faɗi, ba zai canza ba. Amma ya buɗe, ya ce firosesar ba ta ƙone ba, kashe kanta ta yi da zafi ya kai iyaka. Ya shafa mata sabon man sanyaya, muka sayi babbar fanka, ya mayar da gudun inda yake. Ya kalli ƙanena ya ce, malam mai sauri, a bazarar nan ko jaki ba a matsa wa. Muka kai aikin mutane kafin ranar zaɓe.

Yau ƙanena ke gyaran kwamfutoci, ni nake kai masa tawa. Roƙona gare ka mai karatu: idan naka ya ɓata maka abu, ka zaunar da shi ka ji dalilinsa tukuna, faɗan ya biyo baya.