Ranar da Baba ya gwada wasan harbin jan-baki

"Baba, harba mana, za su cinye shinkafar!"

Yaya Sani ke nan, shekarar da shagonsa na haɗa wasannin kwamfuta a Kano ya sake rufewa. Ya dawo Kura da wasan da yake fatan zai farfaɗo da shi: harbin tsuntsayen jan-baki a gona. Ya tayar da janareta, ya zaunar da Baba gaban allon.

Baba ya ƙura wa allo ido, ya ƙi taɓa komai.

"Su cinye me? Shinkafar nan ko ciki ba ta yi ba. Tsuntsun da ya sauka nan, yunwa ta ishe shi, ba sai na harbe shi ba."

Washegari ya miƙa wa Yaya gwangwani da tsakuwa na korar tsuntsu: "Je gona ka ga na gaske."

Ku fa, wa ya taɓa rusa muku aikin wata takwas da magana ɗaya?