Karkataccen Kitson Yayata

Shekarar da aka tare ruwa a Bakolori ina gidanmu a Talata Mafara, na zo wankan jegon ɗana na fari. A lokacin ne ɗiyar wata 'yar'uwar Inna ta faɗo mana da rana tsaka. Daga Bakura ta tako a ƙasa, ko ƙunshin kaya babu, idonta guda a kumbure.

Yaji ta yi. Macen da miji ya daka gidan ubanta take nufa, amma ita ƙauyensu na can wajen Maradun, kuma ruwan dam ya shanye shi. Iyayenta sun rasu, 'yan'uwanta an kwashe su an watsa a sababbin matsugunai, ba ta ma san inda suke ba. Mijin ya san da haka. Kullum yana gaya mata ba ta da kowa, ba ta da amfani, duk inda ta je za ta dawo da ƙafarta. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ta yarda da maganarsa.

Inna ta ba ta ɗaki, ta ba ta tuwo, ta ba ta haƙuri. Maƙwabta suka yi ta shigowa da "sannu, baiwar Allah". Ita dai tana rakuɓe a bayan rumbu. In an ɗaga muciya sai ta kare fuska. Ɗankwalinta kuwa ta ɗaure shi tam har girare, ko barci ba ta cire shi.

Yayata tana zawarci a gida a lokacin, tana sana'ar fura. Mace ce mai baki, in ta yi dariya har masallacin unguwa ana ji. Ita kaɗai ce ba ta taɓa ce wa baƙuwar sannu ba. Da ta ji Inna tana cewa wai da can a ƙauyensu babu mai kitso kamar wannan yarinya, har amare ake kai mata, sai ta tsefe kanta ranar jajibirin suna, ta ɗauki kibiyar kitso da man shanu, ta je bayan rumbu ta kifa kai a cinyarta.

"Ke, ƙawa, rufa mini asiri. Gobe suna, dubi kaina kamar sheƙar kaza."

"Ban iya ba yanzu," in ji baƙuwar, muryarta can ƙasa. "Hannuna rawa yake."

"To shi yi rawar. Ni dai ba ni tashi."

Kuma ba ta tashi ba. Ina zaune a tabarma ina shayar da jariri ina kallonsu. Yatsu biyu na hannun baƙuwar na dama sun karye sun haɗe a karkace, aikin mijin ne. Tsagar da za a yi yanzu-yanzu sai ta ɗauki lokacin dafa wake. Yaya ko a jikinta. Tana ta zuba labari: wanda ya sha furarta ya ce ta yi tsami, direban babbar motar da ke zuwa zance da takalmin roba, abin da ta gaya masa. Ba ta tambaye ta komai game da Bakura ba, ko kalma guda.

Wallahi kitson nan bai yi kyau ba. Shuku ne, amma ya karkata wajen kunnen hagu, tsagar tana tafiya kamar hanyar awaki. Na ja Yaya ɗaki na ce mata, "Da wannan za ki shiga sunan ɗana? Ki bari a kira mai kitson bakin kasuwa." Ta harare ni ta ce in ji da jegona.

Washegari gida ya cika da mata. Yaya ta zame ɗankwali a tsakiyarsu, wai zafi take ji. Wata ta kwashe da dariya ta ce wane ne ya yi mata wannan aika-aika. Yaya ta ce, "Ƙawata ta yi. Ke kin samu mai riƙe miki kai da tausayi haka? Ko zafi ban ji ba." Ta faɗe shi da ƙarfi don a ji a bayan rumbu. Ni kunya ta kama ni, ita kuwa har rawa ta taka da shi.

Daga nan duk Juma'a sai ta tsefe, ko kitson bai tsufa ba. Na biyu ma ya karkata. Na gaba ya ɗan miƙe. Wata rana na ji baƙuwar ta ce mata, "Ki daina motsi mana, kina ɓata mini tsaga." Faɗa ne fa ta yi mata! Yaya ta ƙifta mini ido, ta yi lamo kamar yarinya. Kafin in koma ɗakina matar liman ta aiko a zo a yi mata, 'yan matan unguwa sun fara layi a gindin darbejiyarmu. Yaya ta riƙa janta gidajen biki, tana ce wa kowa, "Ga ƙawata." Amma ɗankwalin baƙuwar yana nan daram.

Sai biko ya zo. Baffan mijin ne da wani dattijo, da goronsu, suka zauna a zaure da Baba. Na san yadda ake yi: a ba da haƙuri, a ce ba zai ƙara ba, a sa mace a gaba. Inna ma ta shigo tana cewa, "Ɗiyata, aure sai haƙuri. In ba can ba, ina za ki?" Na buɗe baki zan yi magana, Yaya ta take mini ƙafa. Kanta na cinyar ƙawarta a lokacin, an yi rabin kitso. Duk bakin nan nata, ranar ko kai ba ta ɗaga ba. Ta bar mata maganar.

Hannun baƙuwar ya tsaya. Can sai ta ɗauki kibiya ta ja sabuwar tsaga, ta miƙe sambal.

"Inna, a ce musu ina aiki," in ji ta. "Kuma a ce wa Baba ba ni komawa. Nan ina da mutane."

Baba, Allah ya jiƙansa, bai sake tambaya ba. Ya mayar musu da goronsu, daga baya shi ya tsaya mata gaban alƙali har aka raba auren.

Da la'asar ɗin ranar, bayan ta gama wa Yaya, sai ta kai hannu ta kwance ɗankwalinta da kanta. Gashin ya dunƙule ya cuɗe, kuma a tsakiyar kai akwai fili kamar tafin hannu inda ba ya tsiro. Nan mijin yake kamawa in zai ja ta a ƙasa. Na juya na yi kuka, ban iya daurewa ba.

Ta miƙa wa Yaya kibiyar. Yaya, wadda duk unguwa an san ko kalaba ba ta iya ba, ta ce, "Ke, ƙawa, ni fa ban iya kitso ba. Karkacewa zai yi."

"Na sani," in ji ta. Ta kifa kanta a cinyar Yaya, ta rufe ido.