Turaren da ya raba kiran magariba biyu

Ku matso kusa in ba ku labarin abin da na yi wa mijina da hannuna, ina ganin gata nake yi masa.

Ni ba mai fita ba ce. Sai in yi wata guda ban taka bakin titi ba, amma duk abin da ya motsa a gidan hayarmu na Asawasi kunnena ya sani. Ina daga ɗaki nake gane wa ya buɗe famfo, wa ya ja bokitin wani. Boko kam ban yi nisa ba, kunne Allah ya ba ni.

Mijina, Malam nake ce masa, fentin motoci yake yi a Magazin na Suwame, inda makanikai suka cika ko'ina. Shi ne kuma ladanin ƙaramin masallacin layinmu. Komai yawan aiki, sai ya kamo trotro, motar hayar nan, ya dawo kafin magariba. Abin da aka san shi da shi, idan ya zo kan "Hayya alal falah" da numfashi ɗaya yake janta, ya hau da ita sama, ya lanƙwasa, ya sauko a hankali. Matar da ke gasa ayaba a bakin hanya 'yar coci ce, amma takan tsayar da maficinta har sai ya dire.

Wata magariba ina tace gasara, sai na ji "falah" ɗin tasa ta tsinke a tsakiya. Kaɗan ne, kamar zare ya kama ƙaya. Ba wanda ya lura. Da ya shigo na ce, "Malam, yau sau biyu ka numfasa."

"Lasifika ce," in ji shi.

"Lasifika ba ta haki."

Ya ce in ba shi tuwonsa.

Nan take na san masu laifi. Ga fentin da yake shaƙa, ga hayaƙin trotro da ke lodi a ƙarƙashin tagarmu. Na aro guduma na buga wa tagar ƙusa huɗu, na cusa tsumma a kowace kafa. Sannan na juya ga abin da na fi kowa iyawa a gidan, wato turaren wuta. Kakata ce ta zo da shi daga Damagaram, ita ta koya mini yadda ake haɗa hawi da farce da ƙaro, a dafa da sukari har ya kama. Na ce wannan ƙirji da ya sha wari tun safe, ai ƙamshi ne zai wanke shi. Kullum sai in kife kwando a kan kasko, in shimfiɗa farar jallabiyarsa a kai ta sha hayaƙi ta ƙoshi. In ya sa ya tafi masallaci, in ƙara garwashi, in rufe ƙofa kada ƙamshin ya gudu ɗakin maƙwabta.

Numfashi biyu ya koma uku.

Ran nan yana kwance igiyar takalmi, bai ko dube ni ba, ya ce in azumi ya kama yana haka, zai bar wa wani kiran. "Ba zan tsaya ina yanka sunan Allah gunduwa-gunduwa ba." Shekara ashirin da wani abu yana wannan kira. Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba.

Washegari na yafa mayafi na ce asibiti za mu. Matan gida suka fito kallo. Wata ta ce, "Yaya, ke ce a waje? Ko ɗakin ne ya rushe?" Na ce ta kula mini da wake a wuta, ta rage baki.

Nas ɗin da ta gan mu Ba'asantiya ce mai jiki, Hausarta ta Zango, kowa "kai" ne a wurinta, mace da namiji. Muna shiga ta yi atishawa. Ta saurari ƙirjin Malam gaba da baya, ta tambayi aikinsa. Da ya ce fenti, na gyaɗa kai da ƙarfi don ta san na riga ta ganewa. Ta ce ina abin rufe hancinsa? Ya ce yana da shi. Na ce, "A wuya yake rataye shi kamar laya." Ta yi masa faɗa, ni kuwa daɗi ya cika ni.

Sai ta kama hannun rigarsa ta shinshina. "Wannan ƙamshi fa, wa ya yi?"

Na gyara zama. Na ba ta labarin kakata, da kwandon, da ƙofar da nake rufewa, har ƙusoshin taga ban rage ba. Ina magana tana kallona, can ta ajiye biro.

"Mma," ta ce, haka ake kiran uwa a nan, "kai kana banda mijinka kamar kifi."

Malam ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, sai da ta bubbuga masa baya. Da ya lafa ta yi mini bayani a hankali. Ta ce hanci ne ya san ƙamshi da wari, ƙirji bai sani ba, duk hayaƙi ɗaya ne a wurinsa. Mutum ya yini yana shaƙar fenti, ya dawo gida inda ƙirjinsa zai huta, sai ya tarar da wani hayaƙin an kulle masa shi a ɗaki. Likita ya rubuta masa maganin shaƙa, ni kuma nas ta ce nawa maganin guduma ce.

A trotro muna komawa gida na yi ta juya maganar nas. Abu ɗaya na gada, abu ɗaya ake yabona da shi, shi ne aka kira bandar kifi. Malam ya ɗan zungure ni da gwiwar hannu ya ce, "Kifin dai ya yi ƙamshi, Mman yara." Na juya fuska don kada ya ga ina murmushi.

Na cire ƙusoshin da kaina, ɗaya ta lanƙwashe ta ba ni wahala. Hayaƙin titi bai fasa zuwa ba, sai na sa kunne. Da safe da yamma injina ke ruri a ƙasa, sai in rufe tagar. Da hantsi, in na ji masu kiran fasinja sun gaji sun yi shiru, sai in wangale ta. Ban san iska na da daɗi haka ba, musamman bayan ruwan sama. Kaskon kuwa ya koma can ƙarshen tsakar gida. In na turara jallabiya, sai in rataye ta a igiya ta yini. Matan gida suka fara shanya zannuwansu kusa da ita, wai ba da gangan ba. Malam kuma ya ɗaga layarsa daga wuya zuwa hanci, ko da yake ya ce abokan aiki suna kiransa likitan motoci.

Abin bai zo da sauri ba. Uku ta koma biyu, ta tsaya nan ta ƙi motsi, har aka ga wata.

Ranar farko ta azumi, kun san yadda magariba take, kowa dabino a hannu, kowa ya zama mai kunne. Ni koko nake juyawa, na tsayar da ludayi. Ya ɗauko "Hayya alal falah", ya hau, ya sauko, ya dire. Bai yanke ba.

Ya shigo bayan sallah yana wani basarwa, ya zauna, ya kurɓi koko, sannan ya ce, "Kin ƙirga?"

"Ɗaya. Amma ka rage mata jela."

"Mai azumi ruwa yake jira, ba jela ba."

Har yau shi ke kiran. Wata rana "falah" ɗin ta yi tsawo, wata rana ta gajarce, in aikin fenti ya yi yawa nakan ji ta ɗan girgiza, in ce masa gobe ya sa abin hancin da kyau.

Yanzu ga 'yarmu za ta tare bayan babbar sallah, ɗakin da suka kama taga ɗaya gare shi, ƙarama. Jiya ta zo ta zauna kusa da ni tana lallashi, wai in koya mata haɗin kakarmu, in sa mata kasko cikin kaya. Na ce ta bari in yi tunani. In ku ne ni, za ku sa mata kaskon, ko guduma za ku fara saya mata?