Kawu Bawa da Ta-Gida

Duk wanda ya san Kawu Bawa na Tsibiri, ƙanin mahaifiyata, ya san ba ya gaisawa da mai kwikwiyo sai ya ɗaga ƙafar kwikwiyon ya leƙa. In namiji ne, ya dire shi ya karkaɗe hannu. In mace ce, sannan ne za ka ji "ina gajiya".

Hujjarsa ɗaya ce: kare ɗan yawo ne, karya kuwa ta san gida. Wai ya taɓa ajiye namiji yana tsare masa gonar masara, ranar da birai suka sauko sai aka tsinci gogan can Faru wajen neman aure. Kawu bai yafe wa jinsin ba.

Aka ce masa ai mace haihuwa take yi, ta cika maka gida da kwikwiyoyi. Ya ce, "To ku, uwayenku mi sunka yi?"

Ran nan a kasuwar Talatar Mafara wani ya cika mu da yabon karensa, wai girma, wai murya. Kawu ya bari ya gama, ya ce in murya ce tsaro, da jaki ake ɗaurewa a bakin rumbu.

Da idonsa ya dushe, tsohuwar karyarsa kuma ta mutu, sai abokin tsokanarsa Mudi na Bakura ya kawo masa kwikwiyo namiji, ya ce mace ce. Kawu ya shafa shi, ya raɗa masa suna Ta-Gida. Duk muka yi gum, don mun san ranar da ya gane zai kore shi, ga shi kuwa karen ne ke kai shi gona ya dawo da shi. Ta-Gida na ɗaga ƙafa a gindin kowace bishiya, Kawu na kuri: "Kun gani? Ina namijin da ka yin wagga biyayya?"

Da ciwo ya kwantar da shi na je dubiya, karen na kwance a ƙofar zaure ya ƙi cin abinci. Kawu ya lalubo hannuna.

"Ɗana, ka riƙe min karen ga. Namijin kirki ne."

Na ce, "Kawu, ashe ka sani?"

"Ido nir rasa, ba hankali ba. Amma in ka hwaɗa ma Mudi, ban yahe ba."

Ban faɗa ba har Kawu ya rasu, Mudi ma ya bi shi. Ta-Gida kuwa har yau kullum safe sai ya tsaya a bakin hanyar gona yana waiwaye, ni kuma sai ƙwalla.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya mayar masa da ganinsa a Aljanna.