Shekarar da Ba a Kawo Akuya Ba

Jiya da yamma ina tsaye a tashar jirgin ƙasa ta Laurel, hannuwana cikin aljihun rigar sanyi, sai na jiyo wani yana busa ƙahon badujala daga tsallaken titi. Bai ma iya ba, yana yi yana tsayawa. Amma kafin jirgi ya iso zuciyata ta riga ta bar Amurka, ta sauka a zangonmu na bakin teku a kudancin Gana, inda watan Disamba ke zuwa da rana mai zafi da iska mai ɗanɗanon gishiri.

Ban sani ba ko ka taɓa zama a garin da teku ke numfashi a bayan ɗakinka. Gidanmu shi ne na ƙarshe a zango, daga katangarmu sai gidajen masunta 'yan ƙabilar Fante. Su Kiristoci ne, Kirsimeti kuma Bronya suke ce mata, mu ma haka muka taso muna cewa. Da zarar watan ya kama sai garin ya canza kama. A yi wa kwalekwale sabon fenti, yara su shiga saran ganyen kwakwa suna kafa 'yan bukkoki a bakin hanya, samari su sa tufafin faci-faci masu launi goma suna bin masu ƙaho da ganga unguwa-unguwa. Baƙi kuwa ba a magana. Turawa rana ta dafa su sun yi jajur, baƙaƙen Amurka su shiga tsohuwar ganuwar bayi suna dariya su fito suna share hawaye. Kawuna kan shimfiɗa takalman fata da duwatsun wuya a ƙofar ganuwar, ni kuma in zauna gefensa ina kallon masoya riƙe da hannun juna, ina ƙirƙira wa kowanne biyu labarin yadda suka haɗu.

A hannun kakannina na tashi. Kaka tana sayar da koko da ƙosai, kakana kuwa, da muke kira Baba Tsoho, limamin ƙaramin masallacin layinmu ne. Bayan katangarmu akwai wata mai bandar kifi, doguwa, mai murya kamar ta maza, kowa Mame yake ce mata. Ita da Kaka sun fi shekara talatin suna magana ta kan katanga, rabi Hausar kasuwa rabi Fante. In Bronya ta zo Mame kan ɗaga murya ta ce, "Afishapa!", wato barka da zagayowar shekara. Kaka kuwa har ta bar duniya "a fisshe mu fa" take ji, sai ta amsa, "Amin, Allah ya fisshe mu." Ba wanda ya taɓa gyara mata.

Akwai al'ada ɗaya da ta ɗaure gidajen biyu. An ce a farkon zamansu Mame ta aiko da miyar Bronya, Kaka ta karɓa da godiya, ta zagaya ta ba wasu, don ba yankan Musulmi ba ne. Mame ta samu labari. Da shekara ta zagayo sai ga ta a ƙofarmu da akuya a raye, ta ce in hannun Malam ne kaɗai ke halatta nama, to ga akuya ga hannu. Tun daga nan, kowace jajibirin Bronya da sassafe 'ya'yanta kan jawo akuya zuwa ƙofarmu. Baba Tsoho ya fito da farar rigarsa, ya naɗe hannu, ya dubi dabbar ya ce, "Akuyar Kirista ce, amma a Musulma za ta cika."

"Malam, yanka dai," in ji Mame, "kada ka yi mata wa'azi, tukunyata na kan wuta."

Washegari kuwa tire zai shigo mana da sakwara da miya mai yaji har hanci, mu ci mu lashe hannu. Kaka ba ta taɓa mayar da tiren haka nan ba, ko goro ne sai ta ɗora, domin a wurinmu mayar da kwanon maƙwabci wayam daidai yake da ce masa a kai kasuwa.

Ina da shekara goma ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba Tsoho cikin damina. Ya tashi, amma hannun dama ya kwanta a cinyarsa kamar na aro, harshe ya yi nauyi. Wani ya karɓi limanci. Masu zuwa neman ya raɗa wa jariri suna suka koma wani wuri. Abubuwa suka riƙa zamewa daga hannunsa ɗaya bayan ɗaya, shi dai yana kallo.

Ranar jajibirin Bronya, bayan sallar asuba, ya nuna akwatinsa da haɓa. Kaka ta gane, ta ciro farar rigar. Ya sa Kawu ya wasa wuƙa, aka tallabo shi zuwa benci a ƙofar gida, aka ajiye wuƙar gefensa. Ya kalle ni ya yi murmushi da rabin baki, na zauna kusa da ƙafarsa. Rana ta fito daga cikin teku ja kamar garwashi. Masu ƙaho suka wuce, mata masu tallan burodi suka wuce, hantsi ya yi. Duk wanda ya ɓullo ta kwanar layi sai Baba Tsoho ya ɗaga kai.

Can sai muka ji kukan akuya a bayan katanga, ya yi tsawo, ya yanke. Ba a jima ba ƙaurin babbaka ya iso mana. Baba Tsoho ya daɗe yana kallon hannunsa, sa'an nan ya ce a hankali, "Ku mai da ni ciki."

Washegari 'yar Mame ta shigo da tire, amma babu sakwara babu miya, sai biskit da lemon kwalba. Kaka ta duba ta ce, "Mu yara ne?" Ta rabar wa 'yan layi, ta wanke tiren tas, ta miƙo mini ba ko ƙwayar goro a kai.

"Kai mata. Kada ki tsaya."

Ban taɓa ɗaukar abu mai nauyin tiren nan ba. Na tarar da gidan Mame cike da baƙi, ana ta kiɗa, ita tana bakin murhu. Ta karɓa, ta duba ciki, har ta juya bayansa ta duba. Fuskarta ta sauya.

"Hajiya ba ta da lafiya ne?" in ji ta, don haka take kiran Kaka.

An ce kada in tsaya, amma ƙafata ta ƙi tafiya. Na ce, "Lafiyarta ƙalau. Baba Tsoho ne ya sa farar riga jiya. Tun asuba yake zaune a ƙofa da wuƙa."

Mame ta zauna a kan turmi, ludayi a hannunta. "Wayyo Malam," ta ce. "Ni na ce mutum yana ciwo, in ja masa akuya ƙofa, jama'a su ga hannunsa bai iya ba? Asirinsa na rufa." Ta share ido da gefen zani. Na juya na tafi.

Na faɗa wa Kaka, ta ce, "Da ta tambaya." Shi ke nan. Mako guda katangar nan ba ta ji muryar kowa ba. Gari yana ta shagali, ranar da kowa ke sauka bakin ruwa na bi 'yan'uwana, ga masu tsire, ga masu sare kwakwa, ga 'yammata da sabon kitso suna gudun igiyar ruwa samari na yi musu dariya. Amma ko labari ɗaya ban iya ƙirƙira wa kowa ba. Tunanina yana gida, wurin tsohon da ya juya fuska bango ya rage cin abinci, da Kaka da ke suyar ƙosai ta ba katanga baya.

Da safiyar sabuwar shekara muka ji sallama. Mame ce, cikin zanin zuwa coci, da farin zakara a hammata.

"Ɓatan hanya kika yi?" in ji Kaka, ba ta ɗago ba.

"Hajiya, ɗana ya yanka akuya, nama ya zama tsumma, baƙina sun yi ta tauna har yamma. Ina Malam? Tukunyata na kan wuta."

Kaka ta ɗago ta dubi zakaran. Sai ta goge hannu ta shiga ɗaki, muka ji ƙarar murfin akwati.

Aka fito da Baba Tsoho cikin farar rigarsa. Ɗan Mame ya danne zakara, Kawu ya durƙusa ya sa wuƙar cikin mataccen hannun nan, ya rufe da nasa hannun. Baba Tsoho ya soma bisimilla. Harshen ya sarƙe, ya tsaya, ya sake ɗaukowa daga farko. Duk muna tsaye, kowa ya san kalmar, amma ba wanda ya ƙarasa masa. Sai da ya kai ƙarshenta da kansa, ya yi kabbara, wuƙa ta wuce.

Ya ɗago yana haki, ya dubi Mame ya ce, "Baɗi... akuya. Ba na son rowa."

Mame ta fashe da dariya har tana dafa bango. Kaka ta ja tsaki don kada a ga idonta, ta shiga ciki ta dawo da goro cike da tafin hannu. Allah ya ara masa kwana, ya yanka akuyar baɗi, ya yanka ta shekarar da ta biyo baya.

Yau duk ba su. An ce mini gidan Mame ya zama masaukin baƙi mai hawa biyu, an ɗaga katangar har ba a jin muryar na bayanta. Ni kuma ga ni a ƙasar da nama ke zuwa a yanke cikin leda daga kantin halal, ba wanda ke bukatar hannun wani kafin ya ɗora tukunya. Maƙwabtana mutanen kirki ne, mukan ɗaga wa juna hannu daga mota. Na ba 'yata wannan labari, ta saurara tsaf, ta tambaye ni da Turanci me ya sa ba su kira juna a waya ba.

Aikin kula da tsofaffi nake yi, wurin da sauri ya zama ado. A makon nan wani dattijo mai rawar hannu yana fama da ɗaure kyautar jikarsa, abokiyar aikina ta miƙa hannu cikin tausayi ta ce ya kawo ta yi masa. Na ce mata ta je ni zan zauna. Na sa yatsa na danne masa zaren, na jira. Ya ɗauki lokaci mai tsawo, ƙullin ya fito a karkace, haka kuma aka kai wa yarinyar.