Ranar da Surukina Ya Tsinci Ƙwallo

Na yi yawo a duniyar nan daidai gwargwado. Na sha rana a Agadas, na yi dako a Ikko, na taɓa kwana uku a Khartum ina jiran jirgin da bai san ina jiransa ba. Yawancin waɗannan sun fara dushewa a kaina. Amma ranar da surukina ya tsinci ƙwallon golf a bayan garin Jidda, wannan kam ko gigin tsufa ya kama ni, ina jin ita ce za ta rage.

A lokacin ina aiki da wani kamfani mai kula da filin golf. Kar ma ku kawo koren filin nan na talabijin a ranku. Namu rairayi ne da tsakuwa da 'yan ƙayoyi. Kowane ɗan wasa yana yawo da 'yar shimfiɗa ta ciyawar roba, in ƙwallonsa ta faɗa kan hanyar da aka shata sai ya ɗora ta a kai ya buga. In ta kauce hanya kuwa, halas, wato shi ke nan, inda ta kwanta nan zai buge ta. Kewayen ramin da ake jefa ƙwallon kuma rairayi ne aka kwaɓa da baƙin mai aka daddaɓe.

A wannan fili ake yin wata gasa shekara-shekara, lokacin sanyin Jidda, wanda a wurinmu sunansa ne kawai sanyi. Tsofaffin ma'aikata sun ce 'yan injiniyoyi ne suka fara ta don rage zaman banza ranar hutu. Sannu a hankali ta yi ƙarfi, aka samu kamfanin da ya ɗauki nauyi, aka sa kofi. Sai ga ƙwararru masu cin abinci da wasan suna zuwa daga Masar da Maroko da ƙasashen Larabawan Khalij, har da 'yan Turawan da manyan gasanni suka ƙi. Aikina a kwanakin gasa shi ne in riƙe wani allo mai rubutun a yi shiru, in ɗaga shi duk sanda ɗan wasa zai buga. Maiɗakina ta ce duk faɗin Jidda ba su samu wanda za su ba allon shiru ba sai ni, mutumin da ko a barci yana ba da labari.

Surukina Bahaushen Sudan ne. Kakanninsa sun taso aikin hajji a ƙafa, suka yada zango a bakin Nilu, zangon ya zama gida. Can ya tashi yana kiwo da noma kafin ya ƙetaro Jidda ya zauna a unguwar Nuzla, yana sayar da turare a unguwar Sharafiyya. Tsakanina da shi kunya ce irin ta gida. Ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa ɗaga murya a gabansa ba, in zai yi min tambaya ma ta bakin 'yarsa yake bi. Ita ce ta kawo min saƙo: "Wai Baba ya ce a tambaye ka, wane irin aiki ne ake biyan mutum don ya ɗaga katako?"

Sai na samo masa katin shiga na ranar ƙarshe.

A mota, ina kallon sitiyari don kar mu haɗa ido, na karanta masa dokoki. Ba a magana da ƙarfi. Ba a gaisawa da 'yan wasa, ko da kuwa sun yi kama da mutanen kirki. A kashe waya. Ya ce, "Tayyib, tayyib." Na faɗa masa komai, ban da abu guda, don a ganina ko jariri ya san shi.

Da muka isa ya tsaya ya ƙare wa filin kallo, hannu a baya. Ya ce, kamar da kansa yake magana, "Kowa da dardumarsa a hannu, amma ban ga mai alwala ba." Can kuma ya ƙara, "Manya da gemu, suna korar ƙwai a rana. Allah mai iko." Na cije leɓe na tafi bakin aikina.

Komai ya tafi daidai har rami na kusa da ƙarshe. Wani ɗan Maroko ne a gaba, da bugu ɗaya tak ya fi mai bi masa. Ya kai wa ƙwallo duka, iska ta kwashe ta, ta kauce hanya ta faɗo gefen 'yan kallo, taku kaɗan daga inda Baba yake. Daidai lokacin abokin karawarsa ya gyara tsayuwa zai buga tasa, don haka allona yana sama. Ina kallo Baba ya leƙa, ya tattara jallabiyyarsa, ya nufi wurin.

Jama'a, ku auna min. A hannuna allon shiru, a gabana suruki. Ko da babu allon, da wane baki zan daka wa uban matata tsawa a bainar jama'a? Abin da na iya kawai shi ne gyaran murya. Na yi ɗaya, na yi biyu, na uku har da tari. Baba ya waiwayo ya ce, "Sannu. Ka nemi ruwa ka sha." Sannan ya durƙusa, ya ɗauki ƙwallon, ya goge ta tas da gefen riga, ya ratsa tsakiyar fili da tafiyarsa ta dattawa, ya miƙa wa ɗan Marokon da hannu biyu.

"Tafaddal, ya waladi. Ga abinka."

Duk shekarun da na yi ina ɗaga allon nan ban taɓa samun shiru irin na wannan lokacin ba. Ɗan Marokon ya ɗora hannu a ka. Sai ga mudir, wato manajan filin, a 'yar motarsa, fuska kamar an shafa mata barkono. Shi ne idon kafilinmu, ubangidan da muke zaune a ƙasar da sunansa, kuma iƙamata, wato izinin zamana, saura wata ɗaya a sabunta, takardar tana kan teburinsa.

"Min hada? Wa ya kawo wannan?"

A nan ne na yi abin da har yau in na tuna nake jin nauyi. Na yi shiru. Ba shirun allo ba, shirun tsoro. Na shiga lissafin yara da makarantarsu, da jirgin da zai sauke ni Kano da jaka ɗaya. Baba ya dube ni, ya dubi mudir, murmushinsa ya ɗan ragu. Ya gane ya yi ɓarna ko da bai san wace iri ba. Sai ya ce da Larabci, a natse, "Ni kaɗai na zo. Ban san kowa ba a nan."

Wallahi da mari ya yi min da ya fi sauƙi. Na ajiye allon a ƙasa na ce, "Babana ne. Ni na kawo shi, kuma ni ne ban gaya masa ba."

Mudir ya ce, "In gasar nan ta lalace, ka haɗa jakarka."

Alƙalin wasa ya iso, wani tsohon Bature da rana ta gasa har ya koma kalar tukunya. Ya ce ɗan wasa ba shi da laifi tunda ba shi ya taɓa ba, amma sai an mayar da ƙwallon inda take. To ina take? 'Yan kallo sun tattake wurin, kowa yana nuna nasa. Mai ɗaukar wa ɗan Marokon jakar sanduna ya nuna wani fili sumul, mutanen abokin karawarsa suka ce atafau ba nan ba ne. Murya ta fara tashi, mudir yana hararata.

Baba ya matso ya ce, "Malam, me ake wa gardama?" Na yi masa bayani. Ya ce, "Wannan ne ya tara manya? Ce musu kowa ya tsaya inda yake."

Ya sunkuya ya fara bin sawun kansa da baya. "Ga nawa. Takalmin hagu ya ci gefe, ba mai irinsa a nan." Muka bi shi a layi, har da Baturen, kamar masu rakiyar ango. Ya nuna inda ƙwallon ta fara dira, da inda ta yi tsalle biyu, da siririn layin da ta ja tana gangarawa. Sai ya tsaya a gindin wata 'yar ƙaya. "Ga gwiwata. Ga yatsuna uku. Ga makwancinta." Baturen ya durƙusa ya sa tabarau. Ga ɗan gurbi nan a rairayi, har da zanen ƙananan ramukan jikin ƙwallo. Ya ɗago ya tambayi inda surukina ya koyi wannan. Baba ya ce, "Gaya masa na bi sawun akuya kwana biyu a kan tsakuwa. Balle ƙwai, da ba ya da dabara."

Matsalar ita ce wurin ba shi da kyau ko kaɗan. Mai ɗaukar jaka ya fara gunaguni, wai tsoho ya kashe su. Baba ya ce, "Ai shi ya sa na ɗauko masa. Na ga yaro mai tsabta, na ce kar ƙaya ta soke shi."

Da na fassara, ɗan Marokon ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Halas, ya ammi, a nan take, a nan zan buga." Ya shiga ƙayar ya kai duka. Ƙaya ta yage masa hannun riga, rairayi ya tashi, ƙwallo ta fita ta je ta kwanta a bakin baƙin rairayin. Baba ya manta da doka ta farko ya ce "Masha Allah!" da ƙarfi, ni kuma allona yana can a yashe, ba mai hana shi.

Da bugu ɗayan nan ya ci kofin. Bayan an gama ya ratso jama'a, ya sumbaci kan Baba, ya danƙa masa ƙwallon. Baba ya jujjuya ta ya ce min, "Ɗazu na kai masa, an kusa cinye ni. Yanzu shi ya kawo min, ana tafi. Mutanen nan ba su san abin da suke so ba."

Washegari mudir ya sa hannu a takardata ba tare da ya ɗago ba. Ya ce, "Yalla, koma aiki. Baɗi ka zo da shi ya riƙa nemo mana ƙwallayen da suka ɓata. Amma a ɗaure masa hannu." Haka kuwa aka yi, sai dai shi ya ɗaure abinsa a baya. In ya gano ƙwallo sai ya tsaya a kanta ya nuna da haɓa.

Gasar ba ta daɗe ba bayan nan. Filayen ciyawa na gaske suka bayyana a wasu garuruwa, ƙwararrun suka bi kore, kamfanin da ke ɗaukar nauyi ya juya wani wajen. Wata shekara aka ce an ɗage, to ɗagewar ke nan har yau. Ba wanda ya yi mata bankwana. Kwanaki na bi ta wurin, rumbunan ajiye kaya ne reras, na kasa gane ko ina ƙayar take. Ƙwallon dai tana nan a Nuzla cikin kabad, tsakanin kofunan shayi. Jikokinsa, masu jin Hausa su amsa da Larabci, sukan sa shi ya maimaita labarin, kuma kullum akuyar tana ƙara kwana.

Abin da ba ya faɗa musu shi ne shirun da na yi. Sau ɗaya ya taɓa zancen, a mota ran nan muna komawa, yana kallon taga. Ya ce, "Da ka ƙyale ma, ban riƙe ka ba. Kana da iyali." Na ƙara wa sitiyari riƙo.

Tun daga ranar, in zan kai baƙo wurin da bai sani ba, abin da nake ganin kowa ya sani shi nake fara gaya masa. In kuma aka nuna nawa a cikin taro aka ce wa ya san wannan, ba na tsayawa lissafi. Tsohon da ya yarda ya zama bare don ya rufa min asiri, bai kamata ya jira ni ko na ƙiftawar ido ba.