Katin Bahago da Ɗigon Jan Biro

Har gobe ba zan manta da Litinin ɗin da Mushe Garba ya shigo shagon nan yana waige-waige kamar wanda ya sato akuya ba. Ku da kuka fara aiki bana kun dame ni da tambayar hotunan Turawan nan biyu masu hula da na liƙa a saman injin leda, har wata a cikinku ta ce ko samarina ne na da. To tunda an ɗauke kuran, babu wutar aiki, ku gyara zama ku ji.

Lokacin shekarata huɗu ina aiki a wannan sakatariya ta bakin titin Dogon Dutsi. Aikin shi ne wanda kuka sani: buga takarda a ordinatar, wato kwamfuta, fotokofi, da sa wa takarda leda, abin da ƴan lakwal, wato ƴan boko, ke cewa plastifiye. Mutanenmu kuwa duk takardar da suke ƙauna sai an sa mata leda, saboda gara da ruwan damina. Takardar haihuwa, diflom, takardar gona, har takardar saki na taɓa sa wa leda, matar ta ce so take jikokinta su gani. Maigidanmu Alhaji Sani, wanda a lokacin matashi ne mai ɗangalallen wando da ba ya wasa da haram, dokokinsa biyu ne. Ta farko, abin da ka gani a takardar mutum ya mutu a cikinka. Ta biyu, ba ma sa hannu a jabu.

Shi Mushe Garba malamina ne na aji huɗu a firamare, kun san Mushe muke ce wa malamin makaranta a nan. Ya taɓa kama ni ina leƙen lissafin wata yarinya, ya sa ni durƙuso a rana tun daga hutun safe har aka tashi, yana maimaita wa ƴan aji cewa mai kwafi ƙanen ɓarawo ne. Na yafe masa, amma ban manta ba.

Kowa a garin nan ya san shi da tara katuna. Tun kafin a haife ni wani Ba'amurke ya zauna a Tibiri yana aikin rijiyoyin lambu. Da zai koma gida sai ya raba wa abokansa biyu wani kwali cike da ƙananan katuna masu hotunan ƴan wasan wata ƙwallo da ake bugawa da kulki a ƙasarsu. Abokan su ne Mushe Garba da taubashinsa Malam Idi, malamin dabbobi a Tibiri. Babu wanda ya taɓa ganin wasan a cikinsu, kuma sunayen da ke jikin katunan sun ƙi bakinsu, don haka suka raɗa wa ƴan wasan nasu sunaye: Ɗan Kumatu, Mai Harara, Dogon Wuya. Mushe ya ce shi masu hoton tsuntsu a hula zai tara, Malam Idi ya ce shi masu jar hula. Shekara talatin da ɗoriya suna musanya, wannan ya ba da biyu ya karɓi ɗaya, wancan ya yi fushi ya dawo. Har sun taɓa shekara biyu ba sa gaisawa saboda katin da aka lanƙwasa wa kusurwa, sai da dattawan dangi suka zaunar da su.

Daga ƙarshe kowa ya haɗa nasa, saura ɗai-ɗai. Katin wanda suka raɗa wa Bahago, mai hular tsuntsu, yana hannun Malam Idi, Mai Gashin Baki mai jar hula yana hannun Mushe. Bayan doguwar ja-in-ja suka yi alkawarin musanya ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

To ranar Litinin ɗin nan Mushe ya jira har shago ya yi sauƙi, sannan ya matso ya zaro katin Mai Gashin Baki daga cikin wani tsohon littafin lissafi.

"Hadiza ɗiyata, an ce kun samo injin da ka hidda hoto da kala?"

Na ce, "Ƙwarai, Mushe."

"To wanga nika so ki yi mani irinshi sak, gaba da baya. Ki sa ma duka biyun leda. Na asalin ki ɗiga mashi jan biro nan ga kusurwa, don in gane shi."

Na ce, "Mushe, kwafin fa, wa za a ba?"

Ya yi tari. "Idi mana. Idonshi ya mutu, ko raƙumi bai ganewa sai ya taɓa. In na ba shi na asali, da mi zan riƙa tsokanar shi?"

Wallahi dariya ta taso mini har maƙogwaro, na haɗiye ta da ƙyar. Na ce, "Mushe, na zaci mai kwafi ƙanen ɓarawo ne?" Ya harare ni ta saman tabarau ya ce wancan lissafi ne, wannan wasan taubasai ne, kuma in yi abin da aka sa ni. Na ce ya dawo ranar Alhamis, don aikin yana son manni ya bushe, ga kuran ba ta da tabbas.

Na ajiye katin a aljihun tebur ina tunanin yadda zan zille. Ranar Laraba da hantsi sai ga kabu-kabu ya sauke wani dattijo mai farin gemu a ƙofar shago. Malam Idi ne, takanas daga Tibiri. Ya yi sallama, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyayena ɗaya bayan ɗaya, sannan ya dubi hagu da dama ya zaro Bahago daga cikin hularsa.

"Yarinya, an ce kuna da injin da ka hidda hoto da kala?"

Na kama gefen tebur don kada in faɗi. Kalma ɗaya bai sauya ba. Kwafi gaba da baya, leda ga duka biyu, alama a jikin na asali. Da na tambaye shi wace irin alama, sai ya ɗaga kai ya hangi jan biro a gabana ya ce in ɗiga wannan.

"Garba za ni ba," in ji shi. "Shi da ka karatu da tabarau biyu, ina za shi gane? Shekara talatin shina cuta ta, bari in rama sau guda."

Na ce shi ma ya dawo Alhamis, amma da la'asar. Mushe da safe na ce masa, don kada su yi kiciɓis.

Da Alhaji Sani ya zo na ja shi gefe na gaya masa, tunda shi ne mai shago. Ya ja gemu. Ya ce shi dama hotunan mutane ba burge shi suke yi ba, balle a haɗa da zamba. Na ce to in mayar musu da kayansu? Ya ce in na mayar, za su kai wani shagon a yi musu, ranar da asiri ya tonu kuma zumuncin shekara sittin ya tafi. Na ce to in gaya wa kowa abin da ɗan'uwansa ya shirya? Ya ce a'a, doka ta farko. Na ce to in yi aikin? Ya ce a'a, doka ta biyu. Sannan ya ɗauki makullin babur ɗinsa ya ce, "Ke dai kada ki tona asirin kowa, kada kuma a cuci kowa da hannunki. Na tahi kasuwa." Haka manya suke yi, su ɗaure ka hannu da ƙafa su ce ka yi iyo.

Abin ya tsaya mini a rai, don na san tsofaffin nan. In kati mai lanƙwasasshiyar kusurwa ya raba su shekara biyu, na jabu zai kai su kabari ba sa magana. Ina zaune ina juya jan biron nan a hannu sai dabara ta faɗo mini, har na yi dariya ni kaɗai.

Na yi aikin yadda ya kamata. Na ɗauki hoton gaba da na baya, na fitar a takarda mai kauri, na yanka kwalin sukari daidai girman katin na manna su a kai, na goge gefuna da ƴar tsumma da na tsoma a ruwan shayi don su tsufa. Na sa wa duka huɗun leda. Da suka fito daga inji ni kaina sai da na ƙura ido. Sannan na ɗauki jan biro na ɗiga a kusurwar kwafin Mushe, na ɗiga a kusurwar kwafin Malam Idi. Na asalin na bar su fes.

Ranar Alhamis kowa ya zo a lokacinsa. Mushe ya sa mai ɗigo a aljihun ƙirji ya dafa, ya jefa marar ɗigo a jaka yana cewa, "Wanga ya ishi Idi." Malam Idi ya ɓoye mai ɗigo a hula, har da sa mini albarka. Ranar Juma'a aka yi musanya a zauren Mushe a gaban shaidu, kowa ya miƙa wa ɗan'uwansa kati na gaskiya yana murmushin mugunta.

Shekara uku ina cin daɗin abin nan ni kaɗai. Mushe in ya wuce ta ƙofar shago sai ya ƙifta mini ido. Malam Idi in ya shigo gari sai ya kawo mini gyaɗa ya ce, "Har yau bai gane ba?" In ce, "Bai gane ba, Baba." Ban taɓa yin ƙarya ba kuwa. Sai dai a shekara ta biyu na lura Mushe ya daina ƙifta idon. Matarsa ta gaya mini ya rage zuwa Tibiri, in ya je ma ba ya iya cin tuwon gidan Idi sosai. Nan na fara jin ba daɗi, amma bakina a ɗaure yake.

Sai Allah ya kira Mushe aikin hajji. Kun san al'adarmu, maniyyaci sai ya zaga dangi da abokai ya nemi gafara kafin ya tashi. Abin da ya faru a Tibiri daga bakinsu na ji. Mushe ya zauna a kan tabarmar Malam Idi, ya zaro katin mai ɗigo, ya ce ya cuce shi, ga na asalin, ya yafe masa. Malam Idi ya tashi ya shiga ɗaki ya fito da nasa mai ɗigon ya ajiye kusa da shi. Aka ce sun daɗe suna kallon jajayen ɗigon nan biyu. Daga nan gardama ta tashi, don da suka jera katunan huɗu a rana sai marasa ɗigon suka fi kama da tsofaffi. Malam Idi ya ɗauko reza ya tsaga ledar masu ɗigon, ya ɓamɓare takardar, sai ga kwalin sukari.

Washegari mota ɗaya ta kawo su. Ina ganinsu tare na ce yau kashina ya bushe. Alhaji Sani kuwa ya tuna yana da aiki a bayan shago.

Mushe ya ajiye kwalayen a kan tebur. "Hadiza, mi na wanga?"

Na ce, "Kwafi ne, Mushe."

"Na ce ki ɗiga ma na asali!"

"Hannuna ne ya kuskure."

"Sau biyu?" in ji Malam Idi.

Na sunkuyar da kai na ce ai tun ina aji huɗu aka hana ni harkar kwafi, shi ya sa ban ƙware ba. Malam Idi ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi. Mushe bai yi dariya ba. Ya ce, "Ja'ira. Shekara ukku ban iya kallon idon Idi, ina istigfari bisa cutar da ban yi ba." Malam Idi ya ce, "Niyyar dai ka yi, malamin lakwal." Mushe ya juya ya ce, "Kai ko fa, likitan jakkai?" Suka kaure da musu a gabana kan wanda ya fara shirya mugunta, har mai jiran fotokofi ya manta da abin da ya kawo shi.

Da za su tafi Mushe ya dawo shi kaɗai. Ya cire tabarau ya share ido da bakin riga, ya ce da kwafin ne ya shiga hannun Idi, ko da Idi ya ce ya yafe, shi ba zai yafe wa kansa ba. Ya tura mini kwalayen biyu ya ce in riƙe, ladan aikina ne. Sannan ya ce, "Durƙuson nan da na sa ki, ki yahe mani." Na ce na yafe tun tuni, amma hawaye sun riga sun zubo mini.

Daga baya wani ɗan Malam Idi da ke karatu a waje ya ce masu tara irin waɗannan katuna a can ba sa yarda a sa musu leda, wai ɓata su ake yi. Malam Idi ya ce su can ba su da gara.

To kun ji labarin samarin nawa. Abin da na koya shi ne, mutane suna shigowa shagon nan da takarda a hannu, amma abin da ya kawo su yana cikin zuciya, kuma ba kullum abin da suka roƙa ne suke so su kwana da shi ba. Inji bai san wannan ba, duk abin da ka sa masa zai fitar. Ku riƙe asirin mutane, ku kuma lura da inda kuke ɗiga biro. Ga kuran nan ta dawo, wa ya bar diflom ɗin mutane a cikin injin leda?